Furannin Gwadabe a Ƙofar Sarkin Noma

Duk wanda ya ce mu zuriyar Gwadabe bakinmu ya fi hannunmu aiki, kada ku yi masa musu, gaskiya ya faɗa. Abin gado ne, kuma ga inda muka samo shi.

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shiga Kano, Gwadabe ya jefar da hauya a Gumel ya tafi neman abin duniya. Bayan damina biyu ya dawo da tsohuwar malafa, da takalmi wari ya fi wari girma, da labari cike da ciki. A faɗarsa, shi ne mai lambun wani Bature a bariki, ba a dasawa ba a cirewa sai da izininsa. Gaskiyar maganar kuwa, ruwa yake ɗebowa da garwa. Ranar da aka ce ya ɗan taya noma, ya tuge furannin Baturen kaf a kan ciyawa ce, ya shuka kuɓewa a gurbinsu, ya koma gefe yana jiran yabo. A ranar aka nuna masa hanya.

Amma bai fito hannu rabbana ba. Kafin a kore shi an kawo wa Baturen amarya a jirgi, ya ga an tare ta da damin furanni. Ya tambayi kuku dalili, kuku ya ce ai su a wurinsu kowane fure da maganarsa, ja ƙauna ne, fari tsarkin zuciya. Iyakar karatun ke nan. Sauran Gwadabe ya ƙarasa da kansa a hanyar dawowa, har ya zamana ba furen da za ka nuna masa ya rasa fassara.

Ya dawo ya tarar matarsa ta gaji da cin labari ta yi gaba. Bai daɗe da gwauranci ba ya ga wata bazawara a kasuwar Gumel, Hajaratu, 'yar Cindo Sarkin Noman Sule Tankarkar. A nan kam ba ƙarya a ciki, ya so ta son da ke hana mutum cin tuwo. Da aka je tambaya, Cindo ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda ya guji hauya. Haladu, yayan Gwadabe, ya yi ta zarya yana rantsuwa cewa ƙanensa ya yi hankali, ya dawo gona. Da ƙyar tsohon ya sauko.

Ya ce, "Na ba ku, don darajar mahaifinku. Amma in na ga wauta ɗaya tak daga gare shi, ku riƙe goronku, in riƙe 'yata."

Aka sa rana a ƙarshen damina, gero ya nuna an fara yanka. Mai hankali da sai ya ɗinke bakinsa har a shafa fatiha. Gwadabe kuwa sai ya je gindin ceɗiyar unguwa, inda ake hira, ya gyara zaman malafa ya ce zai yi auren da ba a taɓa gani ba daga Gagarawa har Maigatari.

Ya ce, "Ku goro kuka sani. Goro me yake cewa? A tauna a tofar. Ni kwandon furanni zan kai, kowane fure da maganarsa, in tsaya gaban jama'a in fassara. Sarkin Noma zai san ba ƙaramin suruki ya samu ba."

Haladu ya ce, "Ka tsaya gaban jama'a? Kai ango? Ina ka taɓa ganin ango ya je wurin ɗaurin aurensa yana wa'azi? Gidan aboki za ka ɓuya kamar kowa."

"To wa zai fassara, Yaya? Kai?"

"Ni zan fassara. In ce ƙanena ne, a yi haƙuri."

Aka kwashe da dariya. Gwadabe ya ɗauka yabo ne, ya taya su.

Ranar ɗaurin aure, da aka sallame asuba, Haladu ya leƙa gonarsa ta bayan gida ya tarar da mutum tsugune cikin wake yana tsinka da hannu bibbiyu.

"Gwadabe! Me zan gani?"

"'Ya'ya nake tarawa, Yaya. Furen wake yawan zuriya yake nufi."

"Yawan zuriya! Waɗannan da ka tsinke tun suna ciki? Kowane fure a nan kwanson wake ne, ɗan uwa. Ƙosan 'ya'yana ne ka zuba a kwando!"

"Ai ka ga maganata ta fito, kai ma ka ce 'ya'ya."

Haladu ya ɗaga hannu, ya tuna ranar aure ce, ya sauke.

Daga nan sai dangar Safara'u maƙwabciyarsu, inda kabewa ta yaɗu ta yi fure rawaya manya-manya. Rawaya arziki ne, in ji Gwadabe, tunda launin zinariya ne. Ya tsinki abin da ya tsinka, yana miƙa hannu ga na sama sai ya ji muciya a gadon baya.

Safara'u ta ce, "Ɓarawon kabewa na sani, ɓarawon fure kuwa yau na fara gani. Kai ko haƙurin ta ƙulla ba ka da shi?"

"Iya, arziki zan kai wa amarya."

"Arzikin wa? Nawa! In arziki kake son kai mata, kai naka, in kana da shi."

"Ai a Kano..."

"A Kano furen suke miya da shi?"

Don ya nuna mata abin ba na wasa ba ne, ya ɗauki fure ɗaya ya kai hanci ya lumshe ido, yadda ya ga amaryar Bature ta yi. Ashe akwai mai gida a ciki. Zuma ta fito ta ba shi nata sannu da zuwa a leɓen sama. Kafin ya kai gida leɓen ya yi suntum, Safara'u na bayansa tana cewa Allah ya ƙara arziki.

Fari bai ba shi wahala ba. A jujin bayan gari akwai wani tsiro mai fararen furanni dogaye kamar bakin algaita, ba mai shi, ba mai muciya. Zaƙami ne, wanda ake kira haukata-yaro, don duk wanda ya ci 'ya'yansa sai an ɗaure shi. Gwadabe ya san haka sarai. Amma ya ce ai ba ci za a yi ba, kallo ne, kuma duk Gumel ba fari kamarsa.

Saura ja, kuma ja shi ne uban tafiya. Ya zaga gari bai samu ba. 'Yan ɗaurin aure suka gaji da jira suka yi gaba, aka bar shi da Haladu da jakin Haladu mai ɗauke da goro. Gwadabe ya ƙi a ɗora kwandonsa a jaki, wai sai ya jijjiga masa magana ta cakuɗe. Ya rufe shi da faifai, ya ɗaura igiya ya goya a baya. Suka kama hanyar Sule Tankarkar, ransa a ɓace, don ga 'ya'ya ga arziki ga tsarkin zuciya, amma ba ƙauna.

Rana ta ɗaga, sai ya hango wata gona a gefen hanya ta yi jajir daga wannan iyaka zuwa waccan. Furanni ne ƙanana ja-ja masu kyan gaske, sun rufe ƙasa, geron da ke tsakaninsu kuwa ya tsumbure ko zangarniya babu. Gabansa ya faɗi don murna, ya sake faɗuwa don tsoro. Ƙuduji ne. Ba manomin da ke son jin sunansa. Ba ya neman abincinsa da kansa, saiwar gero yake kamawa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsotsa har ya kashe shi, sannan ya fito ya yi ado. Irinsa kuma kamar toka yake, in ya zuba a gona sai jikoki su gaji yaƙi da shi.

Zuciyarsa ta ce, kai Gwadabe, ɗan manomi jikan manomi, gidan Sarkin Noma fa za ka. Bakinsa ya ce, a gona ne sunansa ƙuduji, a kwando sunansa ƙauna. Da yake tun da aka haife shi zuciyar ba ta taɓa cin bakin a gardama ba, sai ya ce wa Haladu cikinsa ya motsa, ya yi gaba ya jira shi a inuwa.

Mai gonar, wani bawan Allah da ake kira Sajo, yana zaune ya yi tagumi, sai ya ga baƙo da riga sabuwa da leɓe kumbure ya durƙusa yana gaishe shi.

"Malam, don Allah alfarma nake nema. Ko za ka ɗan sam mini furen nan?"

Sajo ya dubi gabas ya dubi yamma. "Wane furen?"

"Wannan jan."

"Ka ce in sam maka? Bawan Allah, daga ina aka aiko ka? Ɗiba! Kwashe duka! In kana da 'yan uwa masu irin ciwonka, je ka kira su!"

Ya tashi da kansa ya taya shi tuga, ɗanye da wanda ya fara bushewa, yana sa masa albarka. Gwadabe ya juye kwando ya shimfiɗa ƙudujin a ƙasa, ya rufe da zaƙami, ya mayar da wake da kabewa a sama. Da zai tafi Sajo ya bi shi har bakin hanya yana cewa in bai isa ba ya dawo, ko da daminar baɗi ce.

Ya iske Haladu, suka ci gaba, shi a gaba yana ta zuba, Haladu a baya a kan jaki. Can sai jakin nan da ba ya tafiya sai da sanda ya fara sauri, ya liƙe wa Gwadabe a baya.

Gwadabe ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Har dabba ta san abu mai daraja."

Haladu ya ce, "Ta sani ƙwarai."

Yana kallo jakin ya ture faifan da hanci ya zura baki. Ya yi niyyar magana, sai ya tuna waken gonarsa ne, jakinsa ne, ba a yi asara ba. Ya kuma yi fatan ya cinye wautar nan kaf kafin su isa. Jaki ya yi ta ci, har ya zo wani wuri ya shinshina, ya yi atishawa, ya ja da baya. Haladu ya ɗauka kwando ya ƙare, ya yi hamdala a ransa, ya miƙa sanda ya gyara faifan.

Gwadabe ya ce, "Ikon Allah, kayan nan sai ƙara sauƙi suke. Albarka ke nan."

Suka isa ƙofar gidan Sarkin Noma, fili ya cika. Ga liman a kan buzu, ga dattawa, ga Cindo da farin gemu yana zaune kusa da wata tabarma da ya shanya zangarniyar gero zaɓaɓɓu, irin da zai shuka baɗi. Shekara da shekaru ana misali da gonarsa, don ba a taɓa ganin ƙuduji ya yi fure a cikinta ba, yana leƙowa yake tuge shi ya ƙone. Mata kuma sun taru a bayan danga suna leƙe.

Aka gaisa, aka ajiye goro, sanƙira mai shela ya ce a yi shiru. Liman ya gyara murya ke nan, ango ya ratso tsakiyar fili da kwando. Wani ya ce wannan wane ne, aka ce ai mijin ne. Wani ya ce to kunyar fa, aka ce ya baro ta a Kano.

Gwadabe ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba, na zo da abin da goro ba zai iya faɗa ba. Kowane fure a nan magana ne. Na farko furen wake, ma'anarsa 'ya'ya, gida ya cika har a rasa wurin shimfiɗa."

Ya zura hannu ƙarƙashin faifai ya lalubo. Ya sake lalubawa.

"To, 'ya'yan sun ɗan shige ciki. Na biyu furen kabewa, ma'anarsa arziki."

Ya laluba, ya fito da guntun kara jiƙe da yawu. Jama'a suka miƙa wuya. Wani ya ce, "Ina arzikin, ango?" Haladu ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Jaki ne." Sanƙira kuwa, da yake aikinsa ne ya maimaita abin da manya suka faɗa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, an ce 'ya'ya da arziki suna cikin jaki!"

Fili ya ɗauka. Gumi ya karyo wa Gwadabe, amma bai saduda ba. Ya yaye faifai ya ɗago fararen furanni sama.

"Ga tsarkin zuciya!"

Dariya ta tsaya cak, sannan ta dawo ta fi ta da. Daga bayan danga Gwaggo Kande, ƙanwar Cindo, ta ce, "Haukata-yaro! Yaya, tambaye shi, 'yarmu ce mahaukaciyar, ko shi ne zai haukata ta?"

Liman ya ce, "Ɗana, ajiye haka, ya isa."

Da ya ajiye, da wataƙila an wuce wurin da dariya. Amma ya ga fuskar Cindo ta haɗe, ya ga aure na sulluɓe masa, ya ce bari ya fito da babbar magana ta wanke sauran. Ya ɗaga kwandon ya kife shi a gaban surukinsa, ya kakkaɓe gindinsa da tafin hannu don kada ƙauna ta rage a ciki.

"Ga ja, Baba! Ƙauna ke nan, tsantsarta!"

Ƙuduji ya zube tuli guda, rabi a ƙasa rabi a kan tabarmar iri. Wata 'yar ƙura baƙa ta tashi daga busassun, ta sauka a hankali a kan zangarniyar. Ba wanda ya yi dariya. Manoman da ke kusa suka janye ƙafafunsu suna kakkaɓe riguna. Haladu ya ce inna lillahi, ya dafe kai.

Cindo ya dubi tabarmar. Sannan ya ce, "Tun ina saurayi nake yaƙi da abin nan. Bai taɓa shigo mini ta iska ba, bai taɓa shigo mini ta kashin shanu ba. Yau ga shi an goyo shi a baya tun daga Gumel, an yi mini sallama da shi."

"Baba, a wurin Turawa..."

"A wurin Turawa kake neman aure?"

Gwaggo Kande ta ce, "Ku bar shi, ai ya ce fure magana ne, kuma furen bai yi ƙarya ba. Me ƙuduji yake yi? Ya sami mai saiwa ya liƙe, ya tsotse shi, shi ya yi kyau mai gida ya bushe. Yaron nan gaya mana ya yi irin surukin da zai zama. Ni ban taɓa ganin mai neman aure mai gaskiya irinsa ba."

Nan fa aka fashe, har da masu faɗuwa. Gwadabe ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa ya tarar ba komai a ciki. Abin da ya fi ci masa rai, fassarar tsohuwar ta fi tasa zama daidai.

Cindo ya ce, "Liman, naɗe buzunka. Haladu, na gaya maka tun farko. Ɗauki goronka."

Sai a lokacin abin ya daki Gwadabe. Ba dariyar ce ta dame shi ba, ya saba da ita. Hajaratu ce ta kuɓuce masa, kuma ba wanda ya ƙwace masa ita, shi ya goyo abin da ya kore ta. Idonsa ya cika da hawaye, ga leɓe kumbure, ga malafa ta karkace.

Sai aka ji murya daga bayan danga. "Baba, a ba ni izini in ce wani abu?"

Hajaratu ce. Cindo ya ce ta faɗa.

"In ka kore shi, wa zai kwashe wannan? Duk wanda ka sa, da ƙafarsa zai kai shi gonarsa. Wanda ya kawo shi ya kwashe abinsa. Kuma Baba, na yi aure a da, shekarun da na yi a gidan ko tsinke ba a taɓa ɗauko mini don a faranta mini ba. Wannan wawa ne, ban musa ba. Amma don ni ya yi wautar."

Gwadabe bai taɓa jin daɗin a kira shi wawa ba sai ranar.

Cindo ya shafa gemu. Can ya ce, "To, ku shaida. Ba aure yau. Zai kwashe wannan ya ƙone, har da irina da ya lalata. Zai share filin nan, ya kankare ƙasarsa ya kai rami ya binne. Kuma ba zai koma Gumel ba. A nan zai zauna ya yi mini rani, ya yi mini damina da hauya a hannu. In baɗi war haka ba jan fure ko ɗaya a ƙofata da gonata, liman ya dawo da buzunsa. In na ga ɗaya tak, ko a bayan rumbu ne, ya kama hanya."

Aka ce an shaida. Goron kuwa aka rabe shi, don jama'a sun ce ba za a yi musu kallo irin wannan kyauta ba. Haladu ya hau jakinsa ya juya, ko sallama bai yi wa ango ba.

Jama'a suka ja baya suka yi da'ira, ba mai son ƙurar ta taɓa shi, ba kuma mai son ya tafi. Gwadabe ya tuɓe sabuwar riga ya durƙusa a tsakiyar fili. Sai ga tsintsiya an miƙo ta saman danga. Ya matsa ya karɓa, ya ga idon Hajaratu ta tsakanin kara, nan take ƙarfinsa ya dawo.

Ya fara shara, ya ce, "Kada ki damu, wannan ƙaramin aiki ne. Ni da na share bariki guda ni kaɗai! Har Baturen ya fito ya ce tun da yake bai taɓa ganin..."

Ta ce, "Mai fure."

"Na'am?"

"Numfashinka yana tayar da irin. Ga shi can yana bin iska ya nufi gona. In kana sona, rufe bakin nan."

Ya duba, ya ga da gaske 'yar ƙurar na tashi daga gaban leɓensa. Sauran labarin Baturen yana nan a maƙogwaronsa, ga shi ya zo daidai wurin da ya fi daɗi. Ya haɗiye shi da ƙyar, ya rufe baki, ya sunkuya ya ci gaba da shara a hankali.